Ƙullin da Ba a Kwance Ba

Kwatarkwashi,
Litinin, 6 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya sa tana shan maganin hawan jininta ba sai kin yi ta bin ta da kofi ba. Ni lafiyata lau, sai dai hannuna ya manta rubutu. Tun da aka datse layukan waya ranar Juma'a nake neman biro a gidan nan. Bawa direba ya ce zai riƙa kai mana takarda, tunda kullum yana kan hanyar Tsafe zuwa Gusau. Shi ya kawo mini labarin matata Mansura. Tana gidan iyayenta a Tsafe lafiya, cikin ya shiga wata na tara.

Yaya, masarar gonar Baba ta gindin dutse ta yi goyo, saura kamar mako uku a karya ta. Ita ce abincinmu na bana, ita ce kuma ta suna. Matsalar birai ce. Kafin gari ya waye suke saukowa daga dutse, in ba mutum a wurin, kwana uku ya ishe su su mayar da gonar kara zalla. Yanzu kuwa ba mai fita daga gari da duhun asuba, don haka dole in kwana can.

Kada ki ce bukka. Bukkar tana kallon hanyar da mutanen daji, 'yan bindigan nan, ke bi da baburansu, kuma kin ji abin da ya sami mai gonar da ke gabas da mu watan jiya. Abin da na yi, na ɗinke buhunan taki guda huɗu, na zura musu igiyar nailan, na yi gadon lilo. Ina ɗaure shi tsakanin maɗaci da kanya a cikin kurmin bayan gona, sama da tsayin mutum. Da na kori birai sai in kwance shi, in cusa a jaka, ko alama ba na bari.

Abu ɗaya ya gagare ni, sanyi. Wanda ke kwance a ƙasa ta sama yake jin sa, ni kuwa ta ƙasa yake shigo mini, iska na wucewa ta bayana har gari ya waye, ga raɓa. An rufe kasuwarmu ta mako, shi ya sa na zo gare ki. Ki nemo mini abin rufa a kasuwar Gusau, amma ki saurare ni da kyau, don na san halinki na a ce miki ɗaya ki yi uku. Ya zama mara nauyi, wanda in an naɗe shi zai shiga jaka tare da lilon. Ya zama mai saurin bushewa, don ba ni da damar shanya a fili. Ya zama mai duhun kala, amma ban da mai ruwan kakin soja, kada a gan ni da shi a yi mini wata fassara. Kuma na gwanjo, mai araha, ba na amarya ba. Ki tambayi siraran nan da ake cewa na jirgin sama.

Kada ki gaya wa Inna a kan bishiya nake kwana. Ki ce mata a gona kawai.

Ƙanenki,
Kamilu.

*

Tudun Wada, Gusau,
Laraba, 8 ga Satumba.

Ƙanena Kamilu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa lafiya. Inna na shan magani, sai dai ranar da ta ga dama.

Wato ka je korar birai ka koma ɗan'uwansu, kana kwana a reshe. Na yi dariya, daga baya kuma na kasa cin tuwo. Wallahi hankalina bai kwanta da wannan dabara taka ba. Ka dai ɗaure igiyar da kyau, ko da yake na san ɗaurin nan naka na bahago, wanda tun muna yara ba mai iya kwance shi sai kai da Inna.

Jiya na shiga kasuwa, na zaga layin 'yan gwanjo har ƙafata ta yi ciwo. Akwai manyan barguna masu gashi da zanen damisa, guda ɗaya ya cika buhu, na san za ka zage ni. Akwai zannuwan gado, su kuma ba su tare komai. Na jirgin da ka ce, wurin mutum ɗaya na same su, guda uku suka rage masa, biyu ruwan toka ɗaya shuɗi mai duhu. Na ɗaga shuɗin, nauyinsa bai fi na ɗankwalina biyu ba. Mai kayan ya ce in an wanke shi da hantsi kafin azahar ya bushe. Na ce masa in je gida in dawo.

Dawowar da ban yi ba ke nan. Na yi suɓutar baki a gaban Inna, na ce sanyi na damun ka a gona. Sai ta tashi ta buɗe adakarta, ta fito da gwadon Baba, farin nan na saƙi da yake rufa da shi. Na ce, "Inna, mara nauyi ya ce." Ta ce, "Ke, mi kika sani ga sanyin gona? Shekara talatin ubanku na ruhwa da wanga gwado, ko mura ba ta taɓa kama shi ba. Tsumman Turawa za a ba Auta?" Ka san Inna in ta kafe. Har turare ta yi masa.

To ga shi nan Bawa zai ba ka. Ka gwada, don Allah, ko don ta samu ta yi barci. In bai yi ba ka rubuto mini, a ranar zan koma in ɗauko maka shuɗin, ba sai ta sani ba. Na sa maka ƙuli-ƙuli da maganin sauro.

Ka riƙa rubutowa ko layi biyu ne. Rashin wayar nan ya sa duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Yayarka,
Bara'atu.

*

Kwatarkwashi,
Asabar, 11 ga Satumba.

Yaya Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Ki gaishe da Inna, ki ce na gode, na ji ƙamshin turarenta har na tuna ɗakinmu na dā.

Amma Yaya, gwadon nan ya kusa kashe ni, kuma ba wasa nake ba. Baba a bukka yake kwana, a kan tabarma, zamanin da ba a tsoron kowa sai kura. Daren farko gwadon ya sha raɓa ya yi nauyin ɗan maraƙi, lilon ya lotsa har ɗinkin buhu ya fara buɗewa. Ya ƙi shiga jaka, ya ƙi bushewa. Jiya da hantsi na ce bari in ɗan baza shi a kan reshe ya sha iska. Ban daɗe ba na ji babura. Uku ne, kowanne da goyo. Na kwanta cikin masara ina kallon farin abin nan yana haske a cikin kurmi kamar tuta. Na ƙarshensu ya rage gudu, ya juya kai, ya daɗe yana kallo, sannan ya bi 'yan'uwansa. Ban san abin da ya gani ba, ban san ko zai dawo ba. Na sauya bishiya, na matsa can ciki kusa da dutse.

Don haka na mayar miki da shi. Ki ɓoye shi, kada Inna ta ji ba daɗi. Na haɗa da wayata, tunda ba ta da amfani yanzu, kuma wanda aka kama da waya a daji sai a ce ɗan rahoto ne. Na sa agogona da hular sallata da takalmina na fita, don ɗakina na gari ba kowa, kuma ba na son a gan ni da abin da zai sa a zaci ina da wani abu. Ki adana mini su sai ranar suna.

Motar Bawa ta lalace, an ce sai an samo mata kaya daga Funtuwa. Zan bar ƙullin wurin mai shayin bakin titi, ya ba duk direban da zai shiga Gusau. Saboda ruwan sama na naɗe takardar nan a leda, zan tura ta cikin takalmin.

Ki taimaka ki aiko da shuɗin nan da wuri, a ajiye mini wurin mai shayin. Daga yau ba ni da abin rufa sai buhu.

Kamilu.

*

Gusau,
Litinin, 13 ga Satumba.

Zuwa ga Kawu Yahaya, Bungudu.

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Jiya da la'asar wani direba da ban sani ba ya yi sallama, ya miƙo mini ƙulli. Ya ce a bakin titin Kwatarkwashi aka ba shi, aka ce ya kawo wa dangin Kamilu kayansa. Na ce ina Kamilun? Ya ce shi bai san shi ba, bai gan shi ba. Na ce ba takarda? Ya ce babu. Na ce lafiya dai garin? Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji ana cewa daren Asabar an yi harbi a bayan dutse, kuma an rasa mutum biyu, amma bai ji suna ba.

Kawu, gwadon Baba ne aka ƙulle kayan a ciki, wanda na aika masa ranar Laraba. Hularsa ta leƙo ta gefe ɗaya, bakin takalminsa ta ɗaya gefen. Na shafa, na ji waya, na ji agogo. Ka san yadda aka kawo mana kayan Baba daga asibiti. Haka aka kawo su, a ƙulle cikin mayafi, da hula a sama. Mai rai ba ya aiko da hularsa da takalminsa gida.

Dole in gaya maka abin da ya ce in rufe. Ba a gari yake kwana ba, a gona yake, cikin gadon lilo da yake ɗaurewa a bishiya saboda birai. Abin rufa mai duhu ya roƙe ni, na aika masa fari. Tun jiya wannan maganar ke ci na.

Ban kwance ƙullin ba, kuma ba zan kwance ba. In abin da nake tsoro ne, ba ni da hurumin taɓa kayan ni kaɗai, sai a gaban manya, tunda akwai magaji a cikin Mansura. Ko kallonsa ban iya sake yi ba. Na rufe shi da zane, na tura bayan buhun gero a ɗakin ajiya. Maigidana yana Sakkwato wurin aiki, ba hanyar da zan same shi. Bawa ba ya hanya. Na je tasha sau biyu, ba wanda ya san komai.

Inna ba ta sani ba. Da safen nan take tambaya ko gwadon ya yi wa Auta daɗi, na ce ya yi. In ta ji wannan labari babu shiri, ina tsoron mu yi rashi biyu. Mansura ma ban aika mata ba, da wane baki?

Ka zo, Kawu. Kai ne ƙanenta, kai kaɗai za ka iya zama a gabanta.

'Yarka,
Bara'atu.

*

Kwatarkwashi,
Alhamis, 16 ga Satumba.

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ni ga ni nan dai.

Kwana biyar ke nan. Kullum da azahar sai na bar gona na fito titi, mai shayi ya girgiza mini kai tun daga nesa. Ya rantse ya ba direba ƙullin, kuma ya kwatanta masa gidanki. To ya iso ke nan. In ya iso, shirun na mene ne?

Na yi ta juya abin. Ko Inna ce ta ga gwadon ta yi fushi, ta ce na raina kayan Baba, ke kuma kika bi bayanta. In haka ne, ku yi mini faɗa a takarda, amma ku haɗo da bargon. Ban taɓa roƙonki abu mai tsada ba, Yaya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na kwanta cikin masara ina jin ƙarar baburan nan, ke kuma kin riƙe mini abin rufa saboda fushi.

An yi ruwa daren Talata. Buhu ba ya tare sanyi, zufa kawai yake tarawa, in iska ta buso ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Tun shekaranjiya nake tari, kuma in na ja numfashi haƙarƙarina na dama yana suka. Hawa lilon ma yanzu sai na huta sau biyu. Labbo, makiyayin da ke kiwo ta gefen dutse, ya kawo mini madara mai ɗumi, ya ce in koma gari. In na koma wa zai tsaya? Saura kwana goma. Jiya da na makara kaɗan sai da suka cinye kunya shida.

Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. Na daina yarda da baƙin direbobi, zan ce a riƙe ta sai Bawa ya dawo hanya.

Kamilu.

*

Bungudu,
Juma'a, 17 ga Satumba.

Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki sai jiya ta zo hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa ba haka ba ne.

Kin yi daidai da ba ki kwance ba. Ki bar shi yadda yake. Kada ki ce wa Innarku komai sai na zo. Ina jinyar ƙafa, amma ranar Litinin in Allah ya yarda ina tafe. Daga nan zan wuce Kwatarkwashi in nemi mutane mu shiga gonar. In a gari abin ya faru, da an yi masa sutura an aiko mana da mutum. Tunda kaya kawai aka aiko, ina jin ba a kai gare shi ba.

Saboda haka ki sayi farin yadi ki ajiye, in tafi da shi. In ba a buƙace shi ba, alhamdu lillahi. Ki daure, ke ce babba.

Kawunki,
Yahaya.

*

Gusau,
Talata, 21 ga Satumba.

Kamilu, ƙanena,

Assalamu alaikum. Ban san a wane hali takardar nan za ta same ka ba. Allah ya sa ta same ka kana iya karanta ta. Mu lafiyarmu lau, in ban da kunya da ta rufe ni.

Ba fushi na yi ba. Na zaci ka mutu.

An kawo ƙullin ba takarda a waje, ga hula, ga takalmi, ga labarin harbi. Na ɓoye shi ban kwance ba, na aika wa Kawu Yahaya. Kwana takwas ina dafa abinci ina yi wa Inna dariya, in na shiga banɗaki in toshe bakina da zane.

Jiya da safe Inna ta shiga ɗakin ajiya neman daddawa. Sai na ji ta ce, "Ke, zo nan." Na same ta zaune a ƙasa da ƙullin a cinyarta. Na durƙusa, na fashe da kuka, na ce Inna sai haƙuri, Kawu na hanya. Ta dube ni, ta dubi ƙullin, ta ce, "Haƙurin mi? Wa ad ɗaure wanga kaya?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Duba da kyau. Wanga ɗaurin bahago na. Duk Kwatarkwashi wa ka ɗauri haka in ba Auta ba? Kin taɓa ganin wanda ya rasu ya tashi ya ɗaure kayanai?" Ta sa yatsa ɗaya ta ja, ya warware. Ta zazzage takalmin, takardarka ta faɗo.

Ni da na yi maka tsiya a kan ɗaurin nan da hannuna, ban gane shi ba, don ban yarda na kalle shi ba. Wadda na ɓoye wa ita ce za ta gane a kallo ɗaya. Ta sa na karanta mata duka, har da bishiyar, har da baburan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ni na ba shi hwari."

Murnarmu ba ta kai magariba ba. Bawa ya dawo hanya, ya kawo takardarka ta ranar Alhamis. Tari da sukan haƙarƙari, kwana biyar da suka wuce, kuma mai shayi ya ce masa tun ranar Asabar ba ka fito titi ba. Kamilu, ina kake?

Na ruga kasuwa, na tarar an sayar da na jirgin duka, kuma ba a kawo sabuwar dila ba. Ga abin da ya fi ci mini rai. Ranar Asabar na je kasuwar, na wuce ta gaban mutumin, shuɗin yana rataye, har ya kira ni. Na kau da kai na shiga shagon gaba, na sayi farin yadi bakwai, kamar yadda Kawu ya ce. Ka san na mene ne. Kana can kana rawar sanyi, ni ina zaɓar maka likkafani.

Na faɗa wa Inna. Ta ce in ɗauko. Ta murza shi a hannu, ta ce, "Ba shi da nauyi, kuma yana bushewa." Ta aika aka sayo galura, ta ɗora tukunya da kanta, ta rina shi shuɗi har ya koma kusan baƙi. Yau ta ninka shi uku, ta bi shi da ɗinkin hannu, ta ƙi yarda in taya ta. Na gwada, ya shiga jakar makarantar yara. Kawu, da ya iso, ya ce a bari a nemo wani, wannan ba daɗin ji. Ta ce da sunan ɗanta aka saye shi, ɗanta zai rufa da shi, da ransa.

Gobe da sassafe Kawu da Bawa za su taho da shi, da magani. Ka bar masarar nan, birai su cinye. Ka yafe mini.

Yayarka,
Bara'atu.

*

Tsafe,
Lahadi, 26 ga Satumba.

Yaya Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna gaisuwa ta musamman. Ina da rai. Na san Bawa ya faɗa muku da baki, amma na ce sai kin gani da rubutuna, tunda yanzu na san ba a aiko miki da abu ba bayani.

Ranar Lahadin da ta wuce na kasa saukowa daga lilon. Ina jin birai a cikin masara, ina jin ƙarar karyawarsu, ko ihu na kasa. Labbo ne ya ga sun yi yawa a gonar da rana tsaka, ya ce ba lafiya ba. Ya bi kurmin bishiya bishiya har ya same ni. Ya ce ɗaurin igiyata ya gagare shi, sai da ya sa wuƙa. A kan bijiminsa ya ɗora ni zuwa titi, can nesa da wurin mai shayi, aka kawo ni asibiti nan Tsafe, aka ce sanyi ne ya kama mini huhu. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu, da wata maganar ake yi. Su Kawu sun je gona ranar Laraba, suka tarar da guntun igiya a bishiya ba mutum. Kawu ya ce ya riga ya fid da rai, sai da Labbo ya hango su ya zo ya yi musu bayani.

Masara kuwa, birai sun ci kusan rabi. Kawu da Labbo da mutanen unguwa sun karya sauran, ko da ba ta gama bushewa ba. Za ta yi suna, ba za ta kai mu bazara ba. Na ji zafin wannan, amma na ji shi ina numfashi. An sallame ni jiya, ina gidan surukaina. Mansura ta kusa, ta ce in gaishe ki, kuma ta ce kin kyauta da ba ki aiko mata da labarin ba.

Na karanta takardarki sau uku. Karon farko na yi dariya har tarin ya taso, na biyu ban yi dariya ba. Babu abin yafewa, Yaya. Ni na haɗa hula da takalmi da agogo a cikin gwadon mamaci na aiko gida, na kuma ɓoye takarda inda ba mai gani. Ko ni aka kawo wa haka, abin da zan zata ke nan. Ni ma ki yafe mini maganar da na yi miki ta fushi.

Kawu ya miƙo mini mayafin, kansa a ƙasa. Na riƙe shi na daɗe. Har yanzu yana warin galura, kuma ɗinkin Inna ya karkace a gefe ɗaya, inda na san idonta ya gaji. Surukata ta ce a ajiye shi a ba ni bargo, na ce a'a. Duk abin da na lissafa miki yana da shi, ba nauyi, ga duhu, ga araha. Ashe kin iya sayayya.

Ga masara sabuwa na ƙulla wa Inna, ta gasa. Takardar a waje take, a saman ƙullin, kuma ɗaurin nawa ne, ki duba da kyau kafin ki kira Kawu.

Ki gaya wa Inna jiya na rufa da shi tun daga kai har ƙafa. Da asuba na tashi, na ninke shi da hannuna.

Ƙanenki,
Kamilu.